Yadda ake raba ɗaki da kyankyaso, kuɗin cizo da sauro ba tare da guba ba

A watan Afrilun 2018 wasu ƙananan yara uku 'yan gida ɗaya suka rasu a nan Akra, bayan an sa wata ƙwayar maganin ƙwari a ɗakinsu. Ƙwayar irin wadda ake kira aluminiyam fosfaid ce, wadda asali an yi ta ne domin rumbunan hatsi da manyan ɗakunan ajiya, inda ake sa ta a rufe a yi nisa. Da zarar ta sha danshi sai ta fara fitar da iska mai guba wadda ba ta da makari, kuma iskar takan bi ta ƙarƙashin ƙofa ko ta saman bango ta shiga ɗakin maƙwabci. Iyayen nan ba su nufi kowa da sharri ba, ƙwari ne suka dame su kamar yadda suka dami kowa a Nima da Mamobi da Sabon Zango, inda iyali guda ke kwana, su ci abinci, su ajiye hatsi duk a ɗaki ɗaya. A irin wannan ɗaki, abin da aka fesa wa kyankyaso yakan sauka a kan kwanon tuwo da tabarmar da jariri ke rarrafe, don haka ya kamata a san hanyoyin da ba sa bukatar guba.

Abu uku ke kawo ƙwaro ɗaki: ruwa, abinci da maɓoya. Feshi yana kashe wanda ya fito fili, amma ba ya taɓa ko ɗaya daga cikin ukun nan, shi ya sa bayan mako biyu ake sake ganin su kamar ba a yi komai ba. Kyankyaso shi ne misali mafi kusa. Yana iya yin kusan wata guda bai ci komai ba, amma da wuya ya wuce mako ɗaya ba ruwa. Saboda haka aikin farko shi ne a busar da ɗaki kafin a kwanta: a rufe bokiti da duro, a matse soson wanke-wanke a rataye shi, a goge ruwan da ya taru a ƙarƙashin randa, a kuma duba farantin da ke bayan firji wanda ruwa ke ɗiga a ciki, domin wurin yana da ɗumi da laima, kuma mutane da yawa ba su ma san da shi ba. Kwanukan da aka ci tuwon dare a ciki kada su kwana ba a wanke ba. Idan famfo bai kawo ruwa ba, abin da ba baƙo ba ne a unguwanninmu, a zuba su a babbar roba mai murfi a fitar da ita tsakar gida.

Daga nan sai maɓoya. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to kyankyaso ko tsagar da kuɗin ƙarfe ba zai shiga ba ta ishe shi. A ɗauki tocila da dare, bayan an kashe fitila da kamar awa ɗaya, a haska bayan kabad, da ƙarƙashin teburin girki, da inda bututun ruwa ya huda bango, da gefen katakon ƙofa. Duk inda aka ga sun ruga, ko aka ga kashinsu baƙi-baƙi kamar garin barkono, a yi masa alama da alli, washegari a toshe da siminti ko foti, wato kwaɓin da masu fenti ke cike tsaga da shi. Ramin da ruwan wanka ke fita a sa masa ragar waya, domin manyan jajayen kyankyasai daga kwata suke hawowa. Kwalaye kuma a rabu da su. Na san yadda muke son ajiye kwalin talabijin da na taliya a saman kabad da sunan wata rana za su yi amfani, amma ramukan da ke cikin jikin kwali su ne ɗakin haihuwar ƙananan kyankyasai masu ruwan ƙasa, waɗanda kwanson ƙwansu ɗaya ke ɗauke da 'ya'ya 30 zuwa 40. Idan aka ci karo da kwanson, wanda ya yi kama da ƙwayar jan wake, a murƙushe shi ko a jefa a wuta. Share shi zuwa shara bai hana shi ƙyanƙyashewa.

Tarko mai sauƙi shi ne kwalba mai faɗin baki. A shafa man basilin a cikin wuyanta ta ciki, a jefa gutsuren burodi da aka jiƙa da yankan albasa, a naɗe bayanta da takarda ko tsumma domin su sami abin hawa, sannan a jingina ta da bango. Suna shiga ba sa iya fita, da safe sai a zuba musu ruwan zafi. Inda abin ya yi yawa ana iya haɗawa da hodar borik asid da ake samu a wasu kantunan magani: cokali ɗaya a cikin cokali uku na fulawa da ɗan sukari, a kwaɓa da ruwa kaɗan, a cika murafen kwalba a tura can bayan kabad. Ba ta tashi cikin iska kamar feshi, kuma sai bayan mako ɗaya ko biyu ake ganin aikinta. Amma dole in faɗi gaskiya, ita ma ba abar lasa ba ce, kuma a ɗakin da akwai yaro mai rarrafe ko kyanwa na fi son a tsaya a kan kwalba da siminti.

Duk wannan ƙoƙari yana da iyaka a gidan haya mai ɗaki goma ko goma sha biyar, inda rufi ɗaya ne kuma bangon da ya raba ɗakuna bai kai sama ba. Wanda ya gyara nasa shi kaɗai zai sami sauƙi na ɗan lokaci, sannan baƙi su ƙetaro daga maƙwabta. Abin da ya fi shi ne mai gida ko babbar mace a gidan ta sa rana ɗaya, kowa ya fito da kayansa tsakar gida, a haɗa kuɗin rabin buhun siminti, a kuma yi yarjejeniya cewa shara ba za ta kwana biyu ba tare da an miƙa wa mai aboboya ba, wato mai babur mai ƙafa uku da ke kwasar shara. Maganar tana bukatar lafazi, domin ba wanda yake so a ce daga ɗakinsa ƙwaro ke fitowa.

Wannan kunya ta fi tsanani a kan kuɗin cizo, alhali shi ba ruwansa da ƙazanta ko tsabta. Jini yake sha, kuma a cikin kaya yake tafiya: jakar matafiyi, katifar da aka saya hannu na biyu, tufafin gwanjo, da akwatunan yaranmu masu dawowa daga makarantun kwana. Na taɓa ganin yadda wata dattijuwa a gidanmu ta tari jikanta a bakin zaure ranar da aka ba su hutu. Ta amsa gaisuwarsa, ta sa masa albarka, sannan ta ce, "Sannu da hanya, maigidana, amma akwatin nan da katifar a tsakar gida za su kwana." Ta sa aka ɗora babbar tukunya a kurfoti, wato murhun gawayi, aka juye kayansa duka a baho, ta riƙa bin kusurwoyin akwatin katakon da tafasasshen ruwa daga buta, sai ga su suna fitowa daga ramukan ƙusa, jajaye, faffaɗa kamar 'ya'yan kankana ƙanana. Abin da ta yi shi ne daidai, domin zafi shi ne makamin da kuɗin cizo bai iya jurewa ba. Ya riga ya saba da yawancin magungunan feshin da ke kasuwa, amma da shi da ƙwansa duk suna mutuwa idan zafi ya kai digiri 50 a ma'aunin Salshiyas ya ɗan jima.

Idan ya riga ya shiga ɗaki, alamarsa ita ce ɗigo-ɗigon baƙi a bakin ɗinkin katifa, da ɗan jini a zanen gado, da cizo a jere a hannu ko wuya. A fara da tattara zannuwa da tufafi da labule a cikin leda a ɗaure bakinta tun a cikin ɗakin, don kada a riƙa zubar da su a hanya. A jiƙa su a ruwa mai zafin da hannu ba zai iya shiga ba na kamar minti 30, a wanke, a shanya, a bi da dutsen guga musamman a kan ɗinki, sannan a mayar da su sabuwar leda har sai an gama da ɗakin. Gadon katako a kwance shi gaba ɗaya, a fitar, a zuba tafasasshen ruwa a kowace mahaɗa da kowane ramin ƙusa, idan ya bushe a toshe ramukan da foti. Katifa ita ce mai wuya. Shanya ta a rana kawai ba ya wadatarwa, domin ƙwarin sukan gudu zuwa gefen da ke ƙasa inda ya fi sanyi. A goge ɗinkin da buroshi mai tauri don ƙwan ya fita, a bi shi a hankali da dutsen guga mai zafi a kan ɗanyen tsumma domin tururin ya ratsa, sannan a sa katifar cikin babbar leda mai kauri a liƙe ko'ina da salatif. A bar ta a haka ana kwana a kai da zane har shekara, tun da yake ƙwaron yana iya yin watanni bai sha jini ba.

Bayan haka a janye gado daga jikin bango, kada zane ya taɓa ƙasa, a sa kowace ƙafar gado cikin gwangwani ko ƙaramar roba mai ruwan sabulu. Kuɗin cizo ba ya tashi, ba ya tsalle, sai dai ya hau da ƙafa. Inda mutane suka fi faɗuwa shi ne maimaitawa: ƙwansa yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 6 zuwa 10, saboda haka wanda ya yi aikin sau ɗaya ya huta zai ga sababbi kafin wata ya ƙare. A sake bin gado da bangon da ke kusa da shi kowane mako, har a yi mako huɗu a jere ba a ga komai ba. Kananzir da fetur da wasu ke shafawa a katako kuwa a bar su; gobara a gidan da ɗakuna ke manne da juna ta fi cizon ƙwaro nesa ba kusa ba.

Sauro shi ne mai kisa a cikinsu, kuma yaƙinsa a ruwa ake fara shi. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana 7 zuwa 10 ne a irin zafinmu, don haka duk ruwan da aka zubar ko aka sauya sau ɗaya a mako ba zai fitar da sauro ba. A lokutan ruwan sama biyu na kudancin Gana, daga Afrilu zuwa Yuli da kuma daga Satumba zuwa Nuwamba, a zaga gida kowace Asabar a duba tsofaffin tayoyi, da ɓawon kwakwa, da gwangwanaye, da kaskon ruwan kaji, da indararon da ganye ya toshe, da ledojin fiya wata da aka yar. Zubarwa kawai ba ta isa ga duro da bokiti ba, sai an cuɗa cikinsu da soso, domin sauron da ke yaɗa zazzaɓin denge da shawara yana manna ƙwansa a jikin mazubi, kuma ƙwan yana jure bushewa na watanni yana jiran ruwa. Da can ana cewa sauron maleriya a kududdufi yake haihuwa, ba a cikin gida ba, amma a 2023 hukumar lafiya ta Gana ta sanar da ganin wani sabon nau'i mai suna Anofilis stifensi a Tuba da Dansoman da ke yankin Akra, wanda ya fito daga Asiya kuma yake jin daɗin tankuna da durorin ajiye ruwa na birni. Ke nan murfin politanki (babban tankin roba) da ya fashe, ko galan Kufuor (jarkar ruwa mai ruwan ɗorawa) da aka bari a buɗe, ba ƙaramin abu ba ne. Inda murfi ya ɓata, a ɗaure bakin da yankin tsohon gidan sauro.

A taga a sa raga a kuma riƙa ɗinke ta, domin huda ɗaya mai faɗin yatsa ta ɓata aikin duka. A rufe ƙofa tun kafin kiran magariba. Fanka tana taimakawa idan akwai wuta, saboda sauro ba shi da ƙarfin tashi cikin iska. Amma babu abin da ya kai gidan sauro, kuma a nan ba zan ɓoye ba cewa wanda ake rabawa kyauta a asibitin awo da lokacin rabon gida-gida yana ɗauke da magani a jikin zarensa. Ɗan kaɗan ne, an auna shi, an kuma tabbatar da cewa mai ciki da jariri za su iya kwana a ciki. Bai kamata ƙin guba ya sa a ƙi shi ba. Sabo a shanya shi a inuwa na kwana ɗaya kafin a ɗaura, wannan yana rage zafin fuskar da wasu ke kuka da shi. A cusa bakinsa ƙarƙashin katifa ko tabarma, a wanke da sabulu mara ƙarfi, a shanya a inuwa, idan ya kai shekara uku a nemi wani. Turaren ganyen darbejiya da ɓawon lemo da iyayenmu ke yi yana korar sauro na ɗan lokaci, ya dace da zaman hira a tsakar gida, amma hayaƙinsa da na koyil duk suna wahalar da ƙirjin yaro da mai asma. Garwashi kuwa kada a taɓa kwana da shi a rufaffen ɗaki.

Ƙuda ba ya bukatar dogon bayani, sai dai tuna cewa kwalarar 2014 ta kashe mutum fiye da 200 a ƙasar nan, kuma Akra ce ta fi jin jiki. A rufe abinci, a rufe bakin masai, a ƙulle ƙashin kifi da hanjinsa a leda kafin a jefa a shara, a kwashe kashin awaki kullum. Ranar layya a haƙa rami a binne jini da abin cikin tumbi maimakon a tura su kwata, in ba haka ba bayan mako guda unguwa za ta cika da ƙudaje. Kiyashi kuma hanyar ƙamshi suke bi, wadda na gaba ya shimfiɗa wa na baya. A goge layin da ruwan sabulu ko ruwan kal, a bi shi har ramin da suke fitowa a toshe, a ɗora gwangwanin sukari ko kwalbar zuma a tsakiyar faranti mai ruwa.

Sai hatsi, inda aka fi samun jarabar sa ƙwayar nan da na ambata a farko, musamman ga masu sayen wake da buhu domin sana'ar waakye, wato shinkafa da wake, ko ƙosai. Ƙwaron wake yawanci daga gona ko kasuwa yake zuwa a cikin ƙwayar, don haka a fara da kashe na ciki. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko kwali a ƙasa, a ɗora baƙar leda, a baza waken kada kaurinsa ya wuce yatsa biyu, a lulluɓe da farar leda mai nuna ciki, a naɗe gefuna a danne da duwatsu, a bar shi awa biyu a tsakiyar rana mai ƙarfi. Zafin da ke taruwa a ciki yana kashe ƙwaro da tsutsa da ƙwai. Mai firiza, idan wuta ta tsaya, zai iya sa 'yan mudu a ciki na kwana huɗu. Bayan waken ya huce sai a hana shi iska: a cika busasshiyar jarka har wuya, a girgiza a ƙara, a sa leda a baki a murɗa murfi sosai. Ƙwaron da ya rage yana shanye iskar da ke ciki ya mutu da kansa, muddin ba a riƙa buɗewa ba a makonnin farko. Buhun PICS mai leda biyu a ciki da buhu a waje haka yake aiki, kuma ana samun sa wurin masu sayar da kayan noma. Tsohuwar dabarar gauraya wake da tankaɗaɗɗiyar toka, mudu da mudu, ita ma tana aiki, sai dai wanki kafin dahuwa. Barkono da ganyen darbejiya da ake jefawa a buhu suna ɗan rage ɓarna, amma ban taɓa ganin sun tsare wake wata shida su kaɗai ba.

Akwai abu ɗaya da ke cikin akwatin kusan kowace uwa wanda ba a ɗauke shi guba ba, wato fararen ƙwallayen kafur. Yawancinsu naftalin ne, kuma a jikin jaririn da aka haifa da ƙarancin G6PD, wani sinadari da ke kare jajayen ƙwayoyin jini, lalurar da ta yawaita a yankinmu, warin da ya kama tufafi kaɗai yana iya farfasa ƙwayoyin jini ya jawo shawara mai tsanani. Kayan jariri a wanke, a busar sarai, a goge, a ajiye a roba mai murfi. Idan ana son ƙamshi a ƙulla kanumfari a ƙyalle a sa a gefe.

Gara ce kawai zan ce tana iya fin ƙarfin mai gida. Ɗaga katako da littattafai daga ƙasa, gyara bututun da ke yoyo a gindin bango, da karya hanyoyin lakar da take ginawa duk suna rage ta, amma idan ta kama katakon rufi sai an kira masu aikin. A tambaye su lasisinsu na hukumar kare muhalli ta EPA, da sunan abin da za su sa, da awa nawa za a yi kafin a koma ɗaki, a kuma fitar da abinci da kwanuka da kayan yara tukuna. Ragowar maganin kada a juye shi a kwalbar lemo ko ta ruwa. Idan kuma tsautsayi ya sa yaro ya sha, kada a ɗura masa manja ko madara don ya yi amai, kamar yadda aka saba, domin aman yana iya komawa huhu. A cire masa rigar da maganin ya taɓa, a wanke fatar da ruwa da sabulu, a ɗauki kwalbar a tafi da ita asibiti mafi kusa, ko a kira 112.